Dabarun Shan Kwana a Kan Keken Hawan Duwatsu

Jawabin da aka gabatar wa sababbin shiga wasan keke a zauren taro na ɗalibai



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau shi ne yadda ake shan kwana a kan keken hawan duwatsu. Mun sani akwai wanda zai ji wannan batu ya yi murmushi, ya ce a ransa, ashe har shan kwana ma sai an tara mutane an yi musu lacca? Ai kusan kowa a nan tun yana yaro ya koyi keke, wani ma a kan Raleigh ɗin mahaifinsa ya fara, yana zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda don bai isa zama a kan sirdi ba. Gaskiya ne. Sai dai keken da muka koya na miƙaƙƙiyar hanya ne, daga gida zuwa makaranta ko kasuwa, inda kwalta ko daddaɓaɓɓiyar ƙasa take rufa wa mahayi asiri ko da ya yi kuskure. Turbar da ta gangaro daga kan dutse, mai tsakuwa da yashi da kwazazzabai, ba ta da wannan haƙuri. Wanda ya shiga kwana a irin wannan wuri da ɗabi'ar titi, ƙasa zai sha. Faɗuwar kwana kuwa a kan kafaɗa ko tafin hannu take ƙarewa, shi ya sa ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji yake cikin ƙasusuwan da masu keke suka fi karyawa. Ɗalibin da ya karya shi ana saura mako biyu jarrabawa, ko ma'aikacin da bai daɗe da kama aiki ba, shi ya san abin da ya yi asara.

Maganarmu duka a kan abu guda ta tsaya. Riƙon da taya take yi wa ƙasa yana da iyaka, saboda haka mafi yawan aikin kwana ana gama shi ne tun kafin a shiga cikinta. Sauran abin da za mu faɗa bayanin wannan ne.

Inda wasan ya samo asali

Ya kamata mu fara da ɗan tarihi, domin a cikinsa ma akwai darasi. Wasan keken duwatsu kamar yadda aka san shi yau ya bunƙasa ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970. Waɗansu samari ne suka riƙa tattara tsofaffin kekuna masu kaurin taya, galibi ƙirar kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga kan tsaunukan yankin. A ranar 21 ga Oktoba, 1976, aka yi tseren farko da aka auna da agogo a kan wata hanyar daji kusa da garin Fairfax. Tsawon hanyar kimanin mil 2 ne, gangararta kuwa ta kai kimanin ƙafa 1,300, watau kusan mita 400. Charlie Kelly yana cikin waɗanda suka shirya tseren, Gary Fisher kuwa shi ya kafa lokaci mafi sauri a wannan hanya daga baya, minti 4 da daƙiƙa 22.

Sunan da suka sa wa wannan hanya shi ne Repack, ma'anarsa sake cusa giris. Dalili kuwa shi ne birkin waɗannan tsofaffin kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, ana kama shi ta hanyar mai da feda baya. Kafin mahayi ya iso ƙasa birkin ya yi zafi har giris ɗin da ke ciki ya ƙone yana hayaƙi, tilas a kwance a sake cusa wani. Daga nan abu ya ci gaba. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke musamman domin wannan aiki, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper wanda aka riƙa ƙerawa da yawa ana sayarwa a kantuna, a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado, sa'an nan a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Birkin kekunan yau ya fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma matsalar da sunan Repack yake tuna mana tana nan. Duk gudun da gangara ta ba mahayi, tilas ya zubar da wani sashe nasa kafin ya juya. Tambayar ita ce a ina zai zubar da shi.

Riƙon taya da iyakarsa

Kowane abu mai tafiya halinsa ne ya zarce sosai inda ya dosa, sai in wani abu ya tura shi gefe. Abin da ke tura keke ya juya shi ne riƙon da ke tsakanin taya da ƙasa. In kun duba wurin da taya take taɓa ƙasa za ku ga bai kai faɗin tafin hannu ba. A kan waɗannan 'yan wurare biyu, na gaba da na baya, nauyin mahayi da kekensa da gudunsa duka suka dogara.

Wannan riƙo kamar alawus ɗin ɗalibi yake ko albashin ƙaramin ma'aikaci, abin da aka kashe a wani wuri ba za a same shi a wani wurin ba. Birki yana ci daga cikinsa, juyawa tana ci daga cikinsa. In mahayi ya matse birki sosai yana tsakiyar kwana, ya nemi taya ta biya bukata biyu da abin da bai isa ba, sai ta saki ƙasa ta zame.

Ga kuma lissafin da ɗaliban kimiyya suka sani. Riƙon da ake bukata domin juyawa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, in an ninka gudu sau biyu, bukatar riƙo ninkuwa take yi sau huɗu. Mu ɗauki kwana a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda in an cika ta ta zama da'ira, daga cibiyarta zuwa bakinta mita 5 ne. Mai gudun kilomita 15 cikin sa'a zai karkata kimanin digiri 20 ya wuce lafiya. Mai gudun kilomita 20 sai ya karkata kimanin digiri 32. Mai gudun kilomita 30 kuwa zai bukaci kusan digiri 55, alhali babu tayar da za ta riƙe tsakuwa a irin wannan karkata. Bambancin kilomita 15 da 20 ba ya da yawa a jikin mahayi, amma a wajen taya kusan ninki biyu ne. Haka nan in aka faɗaɗa da'irar ta zama mita 10, bukatar riƙo tana raguwa da rabi. Ku riƙe waɗannan biyu, gudu da faɗin kwana, domin su ne suke hannun mahayi.

Ido

Abu na farko da za a gyara shi ne inda ido yake kallo. Sabon mahayi yakan ƙura wa tayarsa ta gaba ido, ko kuwa ya kafe shi a kan abin da yake tsoro, dutse ne ko kututture ko bakin kwazazzabo. Keke kuwa inda ido ya nufa nan yake zuwa, domin kai yana bin ido, kafaɗu suna bin kai, hannuwa kuma suna bin kafaɗu. Wanda ya ƙura wa kututture ido don kada ya buge shi, shi ne zai buge shi.

A gudun kilomita 20 cikin sa'a, keke yana cin fiye da mita 5 a kowace daƙiƙa. Ke nan abin da ke gaban taya da taku ɗaya ya riga ya wuce gyara. Ƙa'idar ita ce, tun kuna nesa ku dubi bakin kwana ku karanta ƙasarta, ku ga ko yashi ne ko tsakuwa, ku ga inda ta fi tauri. Da kun iso bakinta, ku mai da ido tsakiyarta. Kafin ku kai tsakiya, idonku ya riga ya koma mafita. Ba ƙwayar ido kaɗai za a juya ba, a juya kai duka, har haɓa ta nuna inda ake son fita. Da farko za ku ji kamar kun saki hanya, amma gefen ido yana ganin abin da ke kusa, ya kuwa isa.

Birki

Abu na biyu shi ne birki, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. A rage gudu tun keke yana miƙe, kafin a fara karkata, lokacin da riƙon taya duka yake hannun birki. Da an fara juyawa sai a riƙa sassauta birki a hankali, ta yadda kafin a kai tsakiyar kwana an sake shi. Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Wanda ya shiga da gudun da ya dace zai fita da sauri, wanda kuwa ya shiga a guje zai ƙare da jan taya a tsakiya, ya fita da ƙyar, in ma ya fita.

Da yawa daga cikinmu an tsoratar da mu game da birkin gaba tun muna yara, wai shi ke wuntsila mutum. Haƙiƙa yana iya wuntsilarwa in an finciko shi farat ɗaya. Amma sa'ad da ake rage gudu nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau, saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na baya kaɗai zai ja taya a ƙasa, ya tayar da ƙura, ya ɓata turba, gudun kuma bai ragu yadda ake so ba. A kama su duka biyu, a matsa a hankali kamar mai matse lemo, a sunkuyar da jiki, a sauke dugadugai ƙasa domin nauyi ya shiga feda maimakon hannuwa. Birkin faifai na kekunan zamani yatsa ɗaya ya ishe shi, sauran yatsun su riƙe kan keke da kyau.

Akwai wani abu ƙarami da ke jawo babban hatsari. A Ingila birkin gaba a hannun dama yake, a Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu. Tun da kekunan da ke kasuwanninmu, musamman na gwanjo, daga ko'ina suke zuwa, kada wanda ya hau keken aro ko sabon saye sai ya tabbatar da wane hannu ne yake kama wace taya.

Tsayuwar jiki

Abu na uku shi ne jiki. A gangara ba a zama daram a kan sirdi. A miƙe a kan feda, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu a buɗe waje, ƙirji ya sauko, haɓa ta yi daidai da tsakiyar kan keke. Tsoro yakan sa sabon mahayi ya ja jikinsa baya, ya miƙar da hannuwa, yana gudun kada ya faɗa ta gaba. Wannan kuwa shi ke kayar da shi, domin ya ɗauke nauyi daga tayar gaba, tayar da babu nauyi a kanta kuma ba ta riƙe ƙasa. In tayar baya ta zame sau da yawa akan iya gyarawa. In ta gaba ce ta zame, kafin mahayi ya ankara kafaɗarsa ta isa ƙasa.

Sa'an nan keke ba da murɗa kai yake shan kwana ba, sai fa in tafiyar ba ta wuce ta mai ƙafa ba. Da karkata yake juyawa. Ku dubi tayar keken duwatsu, za ku ga haƙoran da ke tsakiya gajeru ne, na gefe kuwa manya ne masu ƙarfi. Waɗannan na gefe domin kwana aka yi su, ba kuwa za su ciji ƙasa ba sai an kwantar da keke. Dabarar ita ce a karkata keke fiye da jiki. In za a juya hagu, a miƙa hannun hagu a tura kan keke ƙasa ta wannan gefe, hannun dama ya lanƙwashe, keke ya kwanta a tsakanin ƙafafu, jiki kuwa ya tsaya a bisa tayoyi. A buɗe gwiwar hagu domin a ba keke wurin kwanciya, a juya ƙugu da cibiya su dubi mafita. Amfanin wannan shi ne, ko taya ta ɗan zame, mahayi yana samanta, zai iya bin ta ya gyara.

Game da feda, wadda ke wajen kwana ita ake saukewa ƙasa a ɗora mata nauyi, ta ciki kuwa ta hau sama. In za a juya hagu, ƙafar dama ce a ƙasa. Wannan yana hana fedar ciki tokarar ƙasa ko dutse, yana kuma saukar da nauyin mahayi kusa da ƙasa. A hanya mai kwane-kwane gajeru a jere, inda babu lokacin sauya ƙafa, ana iya barin feda biyu daidai wa daida. Abin da ba a yi shi ne tuƙa feda keke yana kwance. A bari sai ya fara miƙewa a mafita tukuna.

Layin da za a bi

Mun ce faɗaɗa kwana yana rage bukatar riƙo. Turba ba ta canjawa, amma layin da mahayi ya zaɓa a cikinta yana hannunsa. A shiga daga gefen waje, a kusanci gefen ciki a tsakiya, a fita ta waje. Ta haka ƙuntatacciyar kwana takan zama mai sauƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne saurin yankowa ciki tun ba a kai ba, sai mahayi ya tarar hanya ta ƙare masa a mafita, ga ƙaya ko rami a gabansa. Gara a ɗan jinkirta juyawa, domin hakan yana ba da damar hango abin da ke bayan kwanar.

Wannan ƙa'ida tana da sharaɗi. In gefen waje yashi ne ko tarin tsakuwa, a bar shi a bi inda ƙasa ta fi tauri ko da ya fi ƙunci. Haka kuma a kan hanyar da motoci ko babura suke bi, ba a tsallaka hannun wani don neman faɗi.

Ire-iren kwana da ƙasarsu

Kwana ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai tudu a gefen waje kamar kunyar gona, ko dai masu gyaran turba suka gina, ko kuwa tayoyi suka tara. Wannan ita ce mafi sauƙi, domin tudun yana tare taya, mahayi da keke suna iya karkata tare, a bar feda daidai, a danna tayoyi cikin tudun. Akwai ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wadda babu abin da zai tare taya sai haƙoranta, a nan ne duk abin da muka faɗa game da kwantar da keke da sauke fedar waje ya fi amfani. Akwai wadda ƙasarta ta zube waje, watau gangarar tana janye taya daga inda ake son zuwa. Wannan ita ce mafi hatsari, a rage gudu sosai tun da wuri, a bi ta gefen sama, a guji taɓa birkin gaba a tsakiya. Sa'an nan akwai mai kama da lauje, wadda ke komowa baya gaba ɗaya a jikin tsauni. Ita kam a hankali ake shan ta, a buɗe sosai da tayar gaba, a juya kai har a dubi bayan kafaɗa. Wanda ya ga ba zai iya ba ya sauka ya tura, babu abin kunya a ciki.

Ƙasar da za ku tarar a turbobinmu, alal misali kewayen dutsen Kufena a Zariya ko duwatsun Shere a Jos, tana da nata hali. Tsakuwar marmara da ke bisa busasshiyar ƙasa lokacin rani tana mirginawa ƙarƙashin taya kamar ƙwayoyin boris. Yashin da ruwa ya tara a gindin gangara, inda sau da yawa kwana take, yana kama tayar gaba ya karkatar da ita, saboda haka a ratsa shi a miƙe, a juya bayan an fita. Falalen dutse yana riƙe taya ƙwarai in ya bushe, amma da damina, in ya jiƙe ya yi gansakuka, ya fi sabulu santsi. Laka kuma tana cika tsakanin haƙoran taya har ta koma kamar sulɓaɓɓiya. Kwanar da kuka sha lafiya a watan Janairu, ku sake karanta ta a watan Agusta.

In kuwa aka yi rashin sa'a aka shiga da gudun da ya wuce kima, kada a finciki birkin gaba. A kafe ido a mafita, a ƙara kwantar da keke, a ɗan taɓa birkin baya. In akwai fili a gaba, a miƙar da keke tukuna sa'an nan a kama birki duka biyu a tsaya. Ana kuma iya cire ƙafar ciki daga feda a miƙa ta gaba kusa da ƙasa domin tokara.

Keke da kayan jiki

Akwai gyara biyu da ba sa cin ko kwabo amma suna canja halin keke. Na ɗaya iskar taya. Mun saba a bunƙara taya har ta yi tauri kamar dutse, domin haka ya dace da keken ɗaukar kaya. Tayar keken duwatsu mai faɗin inci 2 da ɗoriya, in ta yi tauri da yawa, tsalle take yi a kan tsakuwa maimakon ta rungume ta. Ga mutum matsakaici, tsakanin 22 da 30 a ma'aunin psi, irin wanda masu facin taya suke amfani da shi, wuri ne mai kyau na farawa, ta gaba ta ɗan gaza ta baya kaɗan. In kuma iskar ta yi ƙaranci, taya takan lanƙwashe a kwana, ko dutse ya matse tib da bakin ƙarfe ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Mai nauyin jiki da mai amfani da tib su ɗan ƙara.

Na biyu sirdi. Tsawon da ya dace da hawan tudu ya yi yawa ga gangara, domin sirdi zai tokari cinya ya hana keke kwanciya. A sauke shi kafin a fara gangarowa. Waɗansu kekunan zamani suna da sandar sirdi da ake saukewa da maɓalli daga kan keke, wanda ba shi da irin wannan ya tsaya ya sassauta da hannu.

Hular kwano kuwa ba a yin ciniki a kanta, a sa ta, a ɗaure igiyarta. A sa safar hannu da takalmi rufaffe mai riƙe feda, a bar silifa a ɗaki. Babbar riga da wando mai faɗin ƙafa suna da ranarsu, amma sarƙar keke ba ta san darajarsu ba.

Yadda za a koya

Kada a fara koyo a kan dutse. A nemi fili shimfiɗaɗɗe, kamar gefen filin ƙwallo, a ajiye gwangwani biyu da tazarar taku 10 ko 12, a riƙa kewaya su ana zana lamba 8. A ɗauki abu ɗaya a kowane zama. Yau ido kaɗai, a riƙa duban gwangwani na gaba tun ana kewaya na farko. Gobe feda, jibi kwantar da keke, sa'an nan a ƙara da birki, a ja layi a ƙasa wanda dole a saki birki kafin a tsallake shi. Kowa zai tarar akwai gefen da ya fi masa wuya, dama ko hagu, sai ya ba wannan gefe lokaci fiye da ɗayan. Ku riƙa fita biyu-biyu, ɗaya yana hawa ɗaya yana kallo, domin mahayi yakan ɗauka ya kwantar da keke sosai alhali bai ko fara ba. Bayan haka a koma wata kwana guda mai sauƙi a kan turba, a maimaita ta sau da yawa, ana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Haƙƙin masu turba

Daga ƙarshe, akwai abin da ya wuce lafiyar mahayi. A ƙasashen da wasan ya kafu akwai turbobi da aka keɓe domin kekuna. Turbobinmu kuwa na jama'a ne, tun kafin mu zo manoma suke bi zuwa gona, mata suna ɗauke da itace ko ruwa, yara suna kora awaki, makiyaya suna biye da shanu. Bayan kowace kwana da dawa ko dutse ya rufe, ku ɗauka akwai mutum. Gudun da ya halatta shi ne wanda za ku iya tsayawa a cikin tazarar da idonku yake gani. Ku buga ƙararrawa ko ku ɗaga murya kafin ku shiga, ku rage gudu ku gai da mutane, ku tsaya wa dabbobi su wuce, kada kuma ku yanke ta cikin shuka don gajarta hanya. In mahayi ɗaya ya buge yaro a wani ƙauye, an rufe wa dukanmu wannan hanya, kuma da gaskiyar mutanen.

Malam Shugaba, 'yan'uwa, a nan za mu dakata. Muna roƙon duk wanda yake da keke ya duba birkinsa da iskar tayarsa yau da yamma, ya nemi gwangwani biyu da aboki ɗaya, ya fara da lamba 8 kafin ya doshi dutse. Wanda yake da tambaya, ga fili.